Wasa Na Biyar

Ranar Lahadi in an taso daga coci, gidan Mama Vernetta ba ya rabo da ƙamshin soyayyiyar tarwaɗa. Shekara ashirin da 'yan kai tana aikin gyaran kifi a kamfanin da ke bayan garinmu na Mabry, a nan Mississippi, har yatsunta suka ƙandare, amma ba wanda ya taɓa jin ta ce kifin ya gundure ta. Yau ma ko hular cocin ba ta cire ba ta tsaya a gaban murhu, tana juya kifi da hannu ɗaya, ɗayan ta maƙale shi a ƙirji.

"Mama, ki ba ni cokalin nan ki zauna," in ji Jalisa, tana ajiye farantin burodin masara. "Tun a coci nake ganin kina matsa hannun nan."

"Ke dai bari, 'yar nan. Tun kafin a haife ki yake ciwo, kuma bai hana ni ciyar da wancan ƙaton ba. Dube shi don Allah — kujerar mutum uku, shi kaɗai ya cinye ta!"

Ƙaton kuwa Lavonte ne, ɗanta tilo, yana miƙe a falo da ƙanƙara ɗaure a gwiwa, yana dariya ƙasa-ƙasa. Shekararsa ta uku ke nan a ƙungiyar ƙwallon jami'ar Mabry, ƙwallon nan ta Amurka da ake jifa da hannu ana bangazar juna. Matsayinsa a fili ba na masu suna ba ne, mai tsaron hagu ne. Idan mai jifa ya karɓi ƙwallo ya juya yana neman wanda zai jefa wa, bayansa a buɗe yake, ba ya ganin ƙattin da ke tahowa su murƙushe shi, Lavonte ne ke tare su da ƙirjinsa. Mai jifan kuwa Marquell Tubbs ne, yayan Jalisa ciki ɗaya. Ta wurinsa Lavonte da Jalisa suka san juna, kuma tun bazara zoben Lavonte yake yatsanta, an tsayar da magana sai ta gama karatun jinya.

Sun zauna ke nan, an yi addu'a, sai ga Kawu Cleotis ya shigo yana jan ƙafa, waya biyu a hannu. Ƙanin Mama Vernetta ne. Shi ma a zamaninsa ya buga wa Mabry ƙwallo, lokacin da filin yake cika maƙil saboda shi, koci yana canja mota duk shekara, shi kuwa ko kuɗin abinci wani ya ba shi sai a ce ya karya doka. A fili gwiwarsa ta fashe, aka sallame shi ba takardar gama karatu ba ko sisi. Ni ban taɓa ganin laifin Cleotis a kan fushinsa ba. Da doka ta canja aka fara biyan 'yan wasa, shi ya fi kowa murna a garin nan, ya kuma naɗa kansa dillalin ɗan 'yar'uwarsa ba tare da wani ya roƙe shi ba.

"A rufe ƙofa!" ya ce. "Yaya Vernetta, ajiye cokalin nan. Allah ya dube mu."

"To fa! Wa ya mutu ya bar mana gado?"

"Texas ce ta kira."

Ya zauna ya warware musu. Wasu masu hannu da shuni da ke tara wa ƙungiyar wata babbar jami'a kuɗi a can sun ga wasan Lavonte, suna son sa baɗi. Ya danna adadin a waya ya miƙa wa yayarsa. Mama Vernetta ta duba, ta sake dubawa, ta dafe tebur. Abin da Mabry ke ba Lavonte a wata ko kusa da gefen wannan bai kai ba.

"Sharaɗin ɗaya ne," in ji Kawu. "Suna son sa da shekara biyu a gaba, ba ɗaya ba. Kai, wasa nawa ka buga bana?"

"Huɗu, Kawu."

"To ka gama! Ranar Asabar ko takalmi ba za ka ɗaura ba."

Kowa a ɗakin ya gane nufinsa. Shekara huɗu ake ba ɗalibi ya buga ƙwallo, amma in bai wuce wasa huɗu a kakar wasa ba, wannan shekarar ba ta shiga lissafi. Don waɗanda suka ji rauni da sababbin shiga aka yi dokar. Da kuɗi suka shigo, sai ta zama hanyar da mai lafiya garau zai ajiye kayan wasa a tsakiyar kaka, ya adana shekararsa ya kai ta kasuwa.

Jalisa ta ajiye kofin shayinta mai sanyi a hankali. "Kawu, ranar Asabar fa ita ce ranar dawowar tsofaffin ɗalibai. Wa zai tare wa Yaya Marquell baya?"

"Ba akwai Deshun ba?"

"Yaron da ya shigo bana? To shi ke nan, in haka ne gobe Lavonte ya je ya sanar da Koci Rayford, a ba Deshun satin nan ya yi tirenin da manya."

"A'a! Ba mai ji sai Asabar da safe." Kawu ya buga tebur da yatsa. "In Rayford ya ji tun yanzu, zai kira shi ofis ya yi masa wa'azi har da hawaye, ya tsayar da kuɗin watan nan, magana ta fita. Mutanen Texas kuwa ba a yarda su yi cinikin ɗan wasan wani ana tsakiyar kaka ba. Suna jin ƙishin-ƙishin za su ce ba su san mu ba."

A nan hankalin Jalisa ya tashi, domin ta tashi a gidan ƙwallo, ta san yadda ake tirenin. Duk sati waɗanda za su fara wasa su ake juyawa a fili, su ake koya wa dabarun abokan karawa. 'Yan benci suna gefe riƙe da hular kwano suna kallo. In Lavonte ya yi satin a matsayinsa, to Deshun zai shiga fili ranar Asabar da ido rufe.

"Ni ban ce kada ya karɓi kuɗi ba," ta ce. "Haƙƙinsa ne, jikinsa ne ake bugawa. Amma ya faɗa musu. Abin da na roƙa ke nan kawai."

"Kin ji ko, Yaya?" Kawu ya ja tsaki. "Tun ba a ɗaura ba ta fara zaɓar gidansu a kan namu."

Mama Vernetta ta shimfiɗa hannayenta biyu a kan tebur.

"Jalisa, ki dubi hannayen nan. Da sanyin asuba nake sa su cikin ruwan ƙanƙara tun Lavonte yana goye. Ruwa yana zuba a ɗakin da nake kwana. Yayanki yana da uba mai albashi, nawa ɗan ba shi da kowa sai ni da wannan gurgun. In kina son sa, ki rufe bakinki na 'yan kwanaki. In kuma ba za ki iya ba, tun yanzu mu san matsayinki."

Hawaye ya cika idon Jalisa. Ta dubi Lavonte, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon farantinsa. Ranar ba wanda ya ci kifin kirki.

Da ya rako ta wurin mota ya riƙe ƙofar ya hana ta rufewa.

"Bebi, ki saurare ni. Marquell ɗan'uwana ne, ba zan bari ya shiga fili bai sani ba. Ki ba ni kwana biyu in lallaɓa Mama da Kawu. Amma ki yi min alƙawari ba daga bakinki zai ji ba. In ya ji daga wurinki, har abada ba zai ƙara kallona a matsayin namiji ba."

"Ka rantse za ka faɗa masa?"

"Na rantse."

Ta yi masa alƙawari. Wannan alƙawari shi ya zame mata dutse a ƙirji.

Lavonte ba mugu ba ne, wannan kowa a Mabry zai shaida. Matsalarsa ita ce bai taɓa iya kallon idon mahaifiyarsa ya ce a'a ba. Kullum zai shiga tirenin da niyyar yau zai faɗa, kullum kafin ya fito Kawu Cleotis ya kira shi sau biyar. Jalisa ta tare shi a ƙofar fili ana tsakiyar sati, yana fitowa jiƙe da gumi.

"Ka faɗa?"

"Gobe, bebi. Sori. Yau koci yana cikin fushi."

"Lavonte, goben nan taka ba ta ƙarewa! Ka ga Deshun yau? Ko sau ɗaya an sa shi?"

Ya kau da kai. Amsar ke nan.

Ranar jajiberen wasa tana gida tana taya mahaifinta, Dikin Tubbs, dattijon cocinmu, shirya naman da za a gasa a bakin fili, Marquell ya shigo yana wasa da ƙwallo a hannu. Mahaifinsu ya tambaye shi ko yana tsoron ƙaton nan na ɗaya ɓangaren, wanda ya karya masu jifa biyu bana.

"Haba Baba! Ina da Lavonte a bayana. Ko barci na ga dama sai in yi a tsakiyar fili." Ya dungure wa ƙanwarsa kai. "Ke kuma amarya, me ya same ki kika yi zuru-zuru?"

Maganar ta zo mata har bakin leɓe. Ta tuna rantsuwar Lavonte, ta ce a ranta watakila yanzu haka yana ofishin koci. Ta haɗiye ta ce kanta ne ke ciwo.

Da safiyar Asabar saƙon waya ya shiga wa Koci Rayford, layi biyu, cewa Lavonte ba zai ƙara bugawa ba bana, kuma Kawu Cleotis ne ya rubuta shi. Kafin azahar labari ya zagaye gari. Amma ranar tsofaffin ɗalibai ba ta jiran kowa: 'yan badujala sun fito da kayansu masu ƙyalli, hayaƙin gashi ya turnuƙe wurin ajiye motoci, tsofaffi suna rungumar juna suna ƙaryar ƙwallon da suka buga a da. Jalisa tana zaune kusa da mahaifinta. Ta ga Deshun ya shigo fili yana waige-waige, yana tambayar na kusa da shi inda zai tsaya.

Yaron ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya gani. Sau da yawa ya tare ƙaton da ƙarfin tsiya. Amma ana dab da hutun rabin lokaci, abokan karawa suka yi wata dabara da aka yi sati ana koya wa Lavonte maganinta: na waje ya kutsa ciki, na ciki ya zagayo waje. Deshun ya bi na farko. Na biyun ya taho a guje ba mai tare shi, Marquell kuwa ya ɗaga hannu zai yi jifa, bai ko waiwaya ba.

Har saman benci aka ji ƙarar. Ƙwallo ta yi gefe, Marquell ya kwanta a kan kafaɗarsa ta dama bai motsa ba. Filin ya yi tsit, 'yan wasan ɓangarorin biyu suka durƙusa a gwiwa ɗaya kamar yadda aka saba. Jalisa ba ta san sanda ta sauko ba, tana ihu, "Yaya! Wayyo Yaya!"

A asibiti likita ya ce kafaɗar ta fashe, jijiya ta taɓu. Zai warke ya yi rayuwarsa, amma jifa sai dai a bar wa Allah. Da la'asar Lavonte ya iso, ido jajir, ya tarar da ita a baranda.

"Jalisa, ni ban san..."

"Ka sani. Ni ma na sani, shi ne abin da ke ci na." Ba ta ɗaga murya ba, hawaye kawai ke zuba. "Jiya ya tsaya a gabana yana yabon ka, na ce masa kaina ke ciwo. Ni da kai muka karya shi, Lavonte. Kai don Mamanka, ni don kai."

Ta zare zoben ta sa a tafin hannunsa, ta naɗe masa yatsu a kai, ta koma ciki. A daren farko na jinya ta faɗa wa Marquell da mahaifinsu duk abin da ta sani. Marquell ya juya fuska bango, ya yi kusan wata bai yi mata magana ba. Ta jure, tana yi masa wanki da shafa magani, ba ta taɓa cewa ya yi haƙuri ya daina fushi ba, domin ta san tana da laifi.

Masu son labari ya zo da sauƙi za su so in ce mutanen Texas sun yaudare su. Ba su yaudare su ba. Kuɗi sun zo cif kamar yadda aka faɗa. Aka canja wa Mama Vernetta rufin gida, ta ajiye aikin kifi, Kawu Cleotis ya sayi mota mai tsayi da zai iya miƙe ƙafarsa a ciki. Kuma ni ban ga abin kunya a cikin ko ɗaya ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne yadda garin nan ya sauke fushinsa a kan Deshun. Lavonte ya yi nisa, ba a ganin sa, Deshun kuwa yana nan. A waya a zage shi, a kanti a nuna shi da baki, har yara suna kiran sa ƙofar da ba ta da sakata. Ba wanda ya tsaya ya tambaya ko an taɓa koya masa abin da aka zarge shi da kasawa.

A Texas Lavonte ya samu duk abin da aka yi masa alƙawari, gida mai kyau, likitoci, abinci sai wanda ya zaɓa. Amma a ɗakin canja kaya rabin mutanen baƙi ne irinsa, kowa daga inda aka sayo shi. Tambayar farko da aka yi masa ba sunan garinsu ba ce, "Nawa suka ba ka?" ce. Ba mai faɗa wa wani shirinsa. Yau kuna cin abinci tare, gobe ka ga akwatin mutum wayam, ka ji a waya ya koma wata jami'a. Yakan kira Jalisa, ba ta ɗauka. Bai kuma taɓa samun ƙarfin halin kiran Marquell ba.

Da sanyi ya wuce aka yi wa Mama Vernetta aikin hannu da kuɗin ɗanta, aka ce ta riƙa zuwa asibitin gunduma ana motsa mata yatsu. Ranar farko tana zaune tana jira, sai ga ɗalibar jinyar da aka haɗa ta da ita ta shigo da farar riga. Mama ta sha jinin jikinta.

"Ina kwana, Mama," in ji Jalisa. "Kawo hannun mu gani."

Mama ta yi tsammanin za ta nemi a canja mata mara lafiya, ko ta murɗe mata yatsa da gangan. Ba ta yi ko ɗaya ba. Sati bayan sati tana jiƙa hannun a ruwan ɗumi, tana bin yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana tsokanar ta in ta yi raki. "Haba Mama, ke da kika yi dambe da tarwaɗa shekara ashirin, wannan ne zai sa ki kuka?" Sunan Lavonte bai taɓa fitowa daga bakinta ba, balle maganar wasa. Wannan shirun ya fi zagi damun Mama Vernetta.

Wata rana an buɗe labulen ɗaya ɓangaren, ta hango wani saurayi tsaye gaban bango, ana ce masa ya hau da yatsunsa sama a hankali. Hannun ya kai daidai kafaɗa ya tsaya, yana karkarwa, gumi yana zuba daga goshinsa. Ya sake gwadawa, ya sake. Marquell ne. Ita a waya kawai ta ji an ce ya ji rauni, ba ta taɓa gani da idonta ba. Yaron da take zuba wa abinci a gidanta, wanda yake jefa ƙwallo daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, yau ya kasa taɓa bango sama da kansa.

Ta fashe da kuka a gaban mutane. "Jalisa! Me ya sa ba ki taɓa zagi na ba? Ki zage ni mana in ji sanyi!"

"Me zan zage ki a kai, Mama? Ɗanki kika so. Ni ma shi na so, shi ya sa na yi shiru." Ta share mata hawaye da gefen tawul. "Miƙo ɗaya hannun, ba mu gama ba."

A ranar Mama Vernetta ta kira Texas ta ce wa Lavonte ya zo gida a hutun da ke tafe, ba ta son jin wani uzuri. Da Kawu Cleotis ya ji abin da take shiri, ya zo yana faɗa.

"Yaya, haƙuri za ki je ki ba su? Ni da gwiwata ta fashe wa ya zo ya ba ni haƙuri? In koci ya bar ƙungiya a tsakiyar kaka don an ƙara masa albashi, a ce ya ci gaba. Yaronmu ya yi, a ce maci amana!"

"Gaskiyarka ce, Cleotis, an cuce ka, kuma har gobe ina jin zafinsa. Amma ba Marquell ne ya cuce ka ba. Mun tashi rama wa manya, muka taka ɗan mutane."

Kawu bai bi su ba, amma shi ya ba su makullin motarsa.

Dikin Tubbs ya karɓe su a falo ba yabo ba fallasa. Lavonte ya tsaya a gaban Marquell kamar an dasa shi, duk girman nan nasa ya zama ba shi da amfani. Da ƙyar ya ce duk abin da aka kashe a asibiti, da wanda za a kashe nan gaba, shi zai ɗauka.

"Riƙe kuɗinka," in ji Marquell. "Kana tsammanin don ka tafi nake fushi? Ni ma ana biya na a Mabry. Da ni Texas ta kira, da tuni na haɗa kaya, har in ce ka raka ni filin jirgi. Amma sati guda, Lavonte! Sati guda kana tsaye a bayana a tirenin, muna tafawa, ka san ba za ka zo ba. Kalma ɗaya da ka faɗa min, da an shirya Deshun, da an ƙara mutum a gefen."

"Na sani. Tsoro ne ya hana ni. Ka yafe min, ɗan'uwa."

"Ni mai sauƙi ne, hannu kawai na rasa. Akwai wanda ka bari da sunan banza a garin nan, har yana shirin barin makaranta. In da gaske kake, gobe akwai tirenin. Ka zo ka faɗa a gaban kowa."

Washegari Lavonte ya shiga filin da ya gudu ya bari. Marquell, wanda yanzu yake taimaka wa Koci Rayford da masu jifa, ya busa usur aka taru. Wasu suka juya masa baya, wani ya tofar da yawu. Ya tsaya a tsakiyarsu ya faɗi komai, bai laɓe a bayan Kawu ko Mama ba: tun Lahadi ya sani, shi ya cinye satin tirenin da ya kamata a ba Deshun, dabarar da ta karya Marquell shi aka koya wa maganinta. Ya ce su ɗauka a waya su watsa, garin duka ya ji. Sannan ya je gaban Deshun ya roƙe shi gafara. Yaron ya cire hular kwano ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna girgiza.

Jalisa tana tsaye a bakin shingen fili tana kallo. Da ya fito ya nufo ta.

"Kada ka tambaye ni yau," ta ce. "Abin da ka yi yanzu na Deshun ne, ba nawa ba. Ka koma Texas ka buga musu ƙwallonsu da gaskiya. In za ka zauna, ka faɗa musu. In za ka tafi, ka faɗa musu tun da wuri, ido da ido. Ni ina nan, ba inda za ni. Zan ga irin mutumin da ka zama."

"Za ki ɗauki wayata?"

"Ranar Lahadi, bayan coci. Sau ɗaya."

Haka aka yi. Bidiyon ya jawo masa zagi, wasu a Texas ma suka ce ya tona asirin ciniki, aka rage masa wani abu daga kuɗinsa. Bai janye ba. Ya buga shekarunsa biyu cur bai tsallake wasa ko ɗaya ba, har lokacin da wata jami'ar ta yi wa Kawu tayin da ya fi na farko, Lavonte ya ce a gode musu. Jalisa ta gama karatunta ta kama aiki. Mama Vernetta da kanta ta sa hularta mafi kyau ta je gidan Dikin Tubbs neman aure karo na biyu, ta ce wannan karon ba don ɗanta ta zo ba, don kanta ta zo, domin ba ta da 'ya sai wannan.

An ɗaura auren a cocinmu, aka yi walima a farfajiya. Da aka zo wurin jawabin babban abokin ango, Marquell ya miƙe ya ɗauki kofi da hannun dama kamar yadda kowa yake yi. Ya ɗaga, hannun ya tsaya a daidai kafaɗa. Ya yi murmushi, ya mayar da kofin hannun hagu ya ɗaga shi sama.

"Ga ƙanwata, wadda ta fi mu duka haƙuri," ya ce. "Ga kuma mijinta. Na yafe masa tuntuni. Amma ka ga hannun nan, Lavonte? Ba zai ƙara hawa ba. Duk ranar da ka ji tsoron faɗa wa Jalisa gaskiya, ka tuna da shi."

Lavonte ya kifa kai a kan tebur yana kuka, amaryarsa ta dafa bayansa.

'Yan'uwana matasa, ƙwallo ta zama sana'a, kuma daidai ne wanda ake bugun jikinsa ya ci moriyarsa. Ku karɓi haƙƙinku, ku gyara wa iyayenku rufi, ba mai ganin laifinku. Amma in akwai wanda ya juya baya saboda ya yarda kuna nan, kada ku matsa daga wurin sai kun gaya masa, ko da uwa ce ta ce ku yi shiru, ko da masoyi ne ya roƙe ku. Haƙurin Jalisa ya dawo mata da mijinta da surukarta, gaskiyar da aka faɗa a makare ta wanke Deshun. Kafaɗar Marquell kuwa ba abin da ya dawo da ita.